Yatsu Uku da Rabi

Ko da zan tsufa har in riƙa neman tabarauna alhali yana kan hancina, ba na jin zan manta da shekarar da mahaifina ya daina jin zafin wuta. A Adjamé abin ya faru, nan Abijan inda aka haife ni, kuma har yau in na bi ta bakin tasha akwai dattijan da ke nuna ni da haɓa suna cewa ga 'yar mutumin nan mai laƙanin wuta. Na daina yi musu gyara. Amma tunda ni na tsaya tsakaninsa da likita ina juya magana, ina ganin ina da haƙƙin in faɗi yadda aka yi.

Baba mai nama ne. Balangu yake gasawa, wanda mutanen gari ke kira cukuya, a gefen tashar da ƙananan motocin haya da ake kira gbaka ke lodi, inda hayaƙin nama da hayaƙin mota ke gauraya har ba ka san wanda ya sa ka tari ba. Sana'ar gado ce, da ita ya taso daga gida Najeriya tun kafin ya auri Inna. Babban abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa juya nama da cokali ba. Da yatsu uku na hannun dama yake aiki, babban yatsa da manuni da na tsakiya. Zai ɗan danna tsoka, ya janye da sauri, ya ce wannan ta nuna, waccan da saura. Bai taɓa kuskure ba, ko in ce bai taɓa yarda ya yi ba. Mu ma da waɗannan yatsun yake duba mu. In wani a cikinmu ya ce ba shi da lafiya, musamman ranar Litinin da safe, Baba zai ɗora masa yatsun nan uku a goshi kamar yadda yake wa cinyar rago, ya yanke hukunci. In ya ce babu zazzaɓi, sai ka ɗauki jakarka ka kama hanyar makaranta.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. A lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya. A wannan zangon ne ma aka koya mana ƙwayar halittar da ke ɗaukar saƙo a jikin mutum, wadda malaminmu ke kira neurone. Na zana ta da kyau: ɗan kai mai rassa, da doguwar wutsiya naɗe da wani abu kamar jerin duwatsun wuya. Na sami maki mai kyau, kuma ko a mafarki ban taɓa zaton wannan zanen yana da alaƙa da wani mai rai a gidanmu ba.

Da damina aka yi hatsarin. Ruwa ya sauko ba sallama, irin na Abijan, Baba ya sungumi akwatin gilashin da yake jera nama a ciki zai shigar da shi rumfa, santsi ya kwashe shi. Gilashin ya fashe, wani ɓangare ya yanke shi a wuyan hannun dama, ta ciki. Jini ya zuba sosai. Aka kai shi wani ɗan ɗakin shan magani a bayan kasuwa, aka tsayar da jinin, aka ɗinke fata. Ɗinkin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙin mai ɗinkin ba. Ciwon ya warke, yatsu suna lanƙwasawa, Baba ya koma bakin wuta. Ya taɓa cewa hannun kamar an sa masa safa, Inna ta ce sanyin damina ne, ta shafa masa man zafi, magana ta wuce.

Wata ranar kasuwa ce ta tona abin. Ragar ƙarfen da ake gasa nama a kai ta zame daga kan tukunyar garwashi, nama na shirin zubewa ƙasa. Baba yana cikin gardama da wani direba a kan ƙwallo. Bai ko dubi ragar ba, ya miƙa hannu ya cafke ta, ya mayar da ita wurinta, ya daidaita ta a hankali, ya ci gaba da bayanin dalilin da ya sa mai tsaron gidan ƙungiyar direban ba shi da amfani. Ragar nan tun safe take kan wuta. Direban ya dubi hannun, ya dubi Baba, ya ja da baya taku ɗaya.

"Vieux père," in ji shi, wato baba tsoho, "ba ka ji komai ba?"

Baba ya dubi hannunsa. Shi kansa mamakin yake yi, amma mutum ne da ba ya son a gan shi cikin mamaki. Ya goge hannun a riga ya ce, "Me zan ji?"

Kafin la'asar labari ya zaga tasha. Kafin Juma'a ya haye gada ya isa Treichville, inda Baffa yake zaune a Belleville. Baffa yayan Baba ne, dillalin shanu, mutum mai babbar riga da babbar murya, wanda a rayuwarsa bai taɓa jin wani labari ya rasa fassararsa ba. Ranar Asabar sai ga shi a gidanmu. Ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya ce Baba ya ɗauka. Baba ya ɗauki guda da yatsu uku, ya riƙe, ya ajiye. Baffa ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Gado ne ya tashi," in ji shi. "Ka manta kakarmu ta wajen uwa 'yar maƙera ce? Mutanen da ke wasa da jan ƙarfe a bainar jama'a? Abin yana nan cikin jini yana barci. Jinin da ka zubar rannan, shi ya buɗe masa hanya."

Baba ya ce, "Yaya, ni ma na yi wannan tunanin."

Ƙarya yake yi, bai yi ba. Amma daga wannan lokacin ya fara yi.

Ni ina daga bakin ƙofa, zanen nan na makaranta yana yi mini yawo a ka. Na ce, "Baffa, ni ina ganin le nerf ne ya coupé, shi ya sa message ba ya passer." Haka Hausata take a lokacin, kowace jimla sai ta ari kalma uku daga maƙwabta. Baffa ya juyo ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya dubi Baba ya ce, "Wannan yarinyar da wane yare take magana?" Aka yi dariya, har da Inna daga kicin. Na ji haushi ƙwarai, na shige ɗaki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san ina da gaskiya, amma ba ni da kalmomin da zan faɗe ta a gidanmu.

Daga nan kasuwar Baba ta buɗe. Masu kiran fasinja na gbaka suka riƙa taruwa da yamma suna ɗaukarsa a waya yana juya garwashi da hannu. Wanda ya zo kallo kuwa kunya ba ta barinsa ya tafi bai sayi nama ba. Wata mai suyar ayaba a gefensa ta zo har gida da goro, tana roƙon a taimaka mata da ɗan abin da za ta sha saboda mai yana yawan fallatso mata. Baba ya karɓi goron, ya ce mata abin ba na bayarwa ba ne, sai an haife ka da shi. Ya fara tafiya a hankali, ya rage dariya, ya ƙara tsawon gaisuwa. Baffa kuma ya je ya ga shugabannin mahauta, aka tsayar da magana cewa a wasan da suke yi bayan Babbar Sallah, Baba zai riƙe ƙarfe da aka gasa ya yi ja, a gaban kowa, a ga irin gidan da muka fito.

A gida kuwa mu muke ganin hannun. Kan yatsun ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Fatar ta bushe ta yi sheƙi, ko gumi ba ta yi. Tudun nan na gindin babban yatsa ya fara lotsawa. In ya ɗauki allura ko kwabo sai ya faɗi bai sani ba. Carbinsa, da yake ja ido rufe tun kafin a haife ni, yanzu sai ya zuba masa ido yake ja. Wata rana muna cin tuwo Inna ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta ce, "Malam, wai naman da ka rage ne a aljihu, ko hannunka ne ke wannan ƙamshin?" Ya ce mata laƙani yana da nasa sharuɗɗan. Ta ce to, Allah ya sa sharuɗɗan su bar mana yatsa ko ɗaya.

Na yi lissafin abin da jan ƙarfe zai yi wa yatsun da garwashi ya riga ya cinye rabinsu, kuma lissafin bai yi mini daɗi ba. Hannun nan shi ne cinmu, shi ne makarantata. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Ina tsoron ranar da Baba zai tsaya gaban jama'a yana murmushi, naman hannunsa na ƙonewa, kowa na tafi.

Autarmu ce ta kawo ƙarshen maganar, ba tare da ta sani ba. Shekararta biyar a lokacin. Wata rana da hantsi ta kwanta a tabarma ta ƙi wasa. Baba zai fita, ya sunkuya ya ɗora mata yatsu uku a goshi kamar kullum, ya ce, "Lafiyarta ƙalau, jikinta sanyi ƙarara. Rigima ce kawai." Hukuncin Baba ba a ɗaukaka ƙara a kansa, don haka aka bar ta. Da ya dawo sallar la'asar yarinya na nan inda take, idanu sun yi ja, tana rawar ɗari. Inna ta taɓa ta, ta janye hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, zo ka taɓa ta."

Ya ɗora yatsun. Ya ce, "Na gaya miki..."

"Taɓa da hagu."

Ya sauya hannu. Ina tsaye ina kallon fuskarsa. Ya daɗe hannun na kan goshin, sannan ya mayar da na dama, ya sake mayar da na hagu. Ya saɓi yarinyar a kafaɗa, ko takalmi bai tsaya nema da kyau ba, ya fita da ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na Inna. Zazzaɓin sauro ne, aka yi mata allura, cikin 'yan kwanaki ta miƙe ta koma ɓarnarta. Amma shi Baba bai koma yadda yake ba.

Washegari bayan sallar asuba ya kira ni. Yana zaune a kan buzu, hannun a kan cinya kamar wani abin da aka ba shi ajiya.

"Uwata, abin nan da kika faɗa rannan da Faransancinki. Sake faɗa mini, amma da Hausa."

Na ce, "Baba, wutar tana ƙona ka. Labarin ne ba ya isowa."

Ya dubi hannun, sannan ya ce, "Wa ke gyara irin wannan?"

Haka muka shiga mota muka haye gada zuwa wani asibiti a Treichville. Baffa ya tare mu a ƙofa, ya ce ba zai bari a taɓa gadon gidansu ba shi ba ya nan. Likitar da ta gan mu mace ce, 'yar ƙasa, gajeriya, mai magana a hankali. Ta juya hannun Baba ta ga tabon wuyan hannu, ta ga ƙunar, ta ce, "Yako, papa," wato sannu. Sannan ta ce ya rufe ido. Ta ɗauki allura tana ɗan tsikarar yatsun ɗaya bayan ɗaya, in ya ji ya ce ya ji. Babban yatsa, shiru. Manuni, shiru. Na tsakiya, shiru. Ƙaramin yatsa, ya ce wash. Da ta zo yatsan zobe sai ta tsikari gefen da ke kallon na tsakiya, shiru. Ta tsikari ɗaya gefen na wannan yatsan dai, Baba ya zabura. Ta ɗauki biro ta ja layi daga kan yatsan zoben har gindinsa, ta raba shi biyu daidai, ta ce ya buɗe ido.

Baba ya dubi layin. Ya ce, "Yaya, wane irin laƙani ne zai kama yatsu uku da rabi ya bar ɗaya da rabi?"

Baffa ya ce irin waɗannan abubuwa su ke zaɓar wurin zamansu.

Likitar ta fara bayani, ni kuma ina juyawa, kuma ban taɓa gumi a jarrabawa kamar yadda na yi a ɗakin nan ba. Ta ce ban da jijiyoyin da ke kai jini, akwai wasu farare da ba su ɗauke da komai sai saƙo. Na ce wa Baba irin farin zaren nan da yake cirewa daga cinyar rago ya jefa wa kyanwa. Ya ce ya san shi, ashe yana da aiki. Ta ce kowace ɗaya damin zare ce, siraran da ido ba ya gani, kuma kowane zare wutsiyar ƙwayar halitta guda ce. Ita ƙwayar, gidanta yana can gefen laka, a wuya. Daga can ta miƙo wutsiyarta, ta bi kafaɗa, ta bi gwiwar hannu, har kan yatsa, ba tare da ta yanke ba. An naɗe wutsiyar da wani kitse, kamar robar da ke jikin wayar caja, don saƙo ya yi sauri kada ya ɓace a hanya. In yatsa ya taɓa wuta, saƙo ya kama wannan zaren da gudu zuwa laka, laka ta ba da umarni a janye hannu tun kafin ƙwaƙwalwa ta ji labari, sannan ƙwaƙwalwa ta ji, ta ce zafi. Damin da ke kula da yatsu uku da rabi ta tsakiyar wuyan hannu yake bi, daidai inda gilashin ya shiga. Na ɗaya da rabin kuma ta gefe yake bi, shi ya sa ya tsira.

Baba ya ce in tambaye ta, zaren da aka yanke ya mutu ke nan?

Ta ce rabin da ke wajen yatsu ya mutu, saboda an raba shi da gidansa, ba mai aiko masa da abinci. Amma kwasfar da yake ciki tana nan, hanya ce a buɗe. Rabin da ke haɗe da gida kuma yana da rai, tun ranar da aka yanke shi yake tsiro yana laluben hanya, bai same ta ba. Ta ɗan ƙwanƙwasa tabon da kan yatsanta, Baba ya yi tsalle a kujera, ya ce wutar lantarki ta ja shi har cikin manuni. Ta ce to ga shi nan, a nan ya tsaya yana jira. In an buɗe an haɗa bakin biyu, zai bi tsohuwar hanya ya koma yatsu. In an daɗe ba a haɗa ba, hanyar za ta toshe, naman gindin babban yatsa ya ƙarasa shanyewa, kuma yatsun da ba su jin ciwo ƙuna da ruɓa ne ke cinye su har a kai ga yankewa.

Baffa ya tambaya ko za a iya bari sai bayan Sallah, saboda an riga an gaya wa mutane. Na juya mata har da maganar jan ƙarfen. Likitar ta cire tabarau, ta dube ni don ta tabbatar ba Faransancina ne ya samu matsala ba. Sannan ta nuna Baffa ta ce a gaya wa papa babba, in an yi wasan, ba sai an dawo wurinta ba, akwai wani ɗaki a ƙasa inda ake yanke yatsu, can za a nufa kai tsaye.

Na juya wannan ma, kalma da kalma, kuma a nan Hausata ba ta ari komai ba.

Baba ya daɗe yana kallon layin biron. Sannan ya ce, "Yaya, ka ba su haƙuri. Ka ce musu na taɓa goshin 'yata tana ci da wuta na ce sanyi ƙarara." Baffa ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Wannan ne karo na farko da na ga labari ya zo masa ya rasa fassara.

An yi aikin kafin Sallah. Da Baba ya farfaɗo, abin da ya fara yi shi ne ya sa ni in tsunkule masa manuni. Na tsunkula, bai ji komai ba, ya ce an cuce shi. Sai da likitar ta sake zaunar da mu ta ce ɗinki ba ya dawo da ji, hanya kawai yake buɗewa. Zaren sai ya tsiro da kansa daga wuyan hannu har kan yatsa, kuma tafiyarsa kaɗan ta fi ta gashin gemu sauri. Baba ya shafa gemunsa, ya auna tsawon tafin hannunsa da ido, ya ce inna lillahi.

Wannan jiran shi ne abu mafi wuya. An hana shi taɓa wuta da hannun. Da ya koma tasha sai da safar hannu mai kauri da dogon cokali mai yatsu, abin da ya yi shekaru yana yi wa wasu gori a kai. Ya ce ya zama kukun otel. 'Yan kallo suka watse. Mai suyar ayaba ta daina gaishe shi da durƙuso. A wajen wasan mahauta Baffa ya sanar cewa likitoci sun sa ƙarfen Nasara a jikin ƙaninsa, laƙanin ya karye, kuma jama'a suka yi ta jimami, wasu har suna zuwa yi wa Baba jaje.

Duk wata muna hawa mota mu haye gada. Likitar za ta bi tafin hannun tana ƙwanƙwasawa daga kan yatsu zuwa baya, har ta iso inda Baba zai ce lantarki, ta sa ɗigon biro a wurin. Kowane zuwa ɗigon ya ɗan matsa gaba. Baba ya hana a wanke shi, alwala ma a hankali yake bi ta wurin, in ya dushe ya sa ni in sabunta. Da yamma zai zauna ya zuba wa ɗigon ido yana cewa, "Ɗan'uwa, ka ɗan ɗaga ƙafa mana." Ya wuce tsakiyar tafi, ya kai gindin yatsu. Na zana jarrabawata na gama, rani ya wuce, wata daminar ta kawo kai. Wani lokaci yatsun su yi ta yi masa kamar kiyashi na yawo a ciki, ya hana kowa sakat da mita. Likita ta ce mitar alama ce mai kyau. Inna ta ce in haka ne Malam ya daɗe da warkewa.

Wata safiyar Lahadi muna zaune a tsakar gida, Baffa ya zo gaisuwa, Inna ta ɗora shayi a ƙaramar butar ƙarfe a kan gawayi. Baffa na ba da labarin wani sa da ya tsinke a kwata. Baba ya shagala da saurare, ya manta da safa, ya manta da likita, ya miƙa hannun dama ya kama butar a ciki, ba a mariƙi ba.

Butar ta riga ihun isa ƙasa. Na lura da wannan, domin haka aka koya mana: hannu ya fara janyewa, sannan labari ya isa sama. Sai ihun ya biyo baya. Ban taɓa jin Baba ya yi irin wannan ƙarar ba. Ya miƙe tsaye yana yarfe hannu, yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana kiran sunan Allah, shayi ya malale a kan babbar rigar Baffa.

Sai Inna ta ajiye ludayi, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa.

Maƙwabta suka fito a guje, Julawa da Yarbawa da namu, suna tambayar wa ya haihu. Suka tarar da mutum yana hura yatsunsa hawaye na zuba, matarsa na guɗa, 'yarsa babba ta rungume ƙaramar tana kuka tana dariya, yayansa na matse riga. Inna ta ce musu, "Malam ne ya ƙone." Wata tsohuwa ta ce yako, ta tsaya tana kallonmu, ta ja jikarta suka koma ciki.

Baffa ya girgiza kai ya ce shi ke nan, an ƙarasa kashe gadon gida. Baba bai ji shi ba. Ya tsoma yatsun a ruwan sanyi, ya ce ruwan ma yana jinsa. Sannan ya goge hannun, ya kira Auta, ya ɗora mata yatsu uku a goshi. Ya daɗe a haka, ido rufe.

Ya ce, "Da ɗumi."

Inna ta ce, "To da sanyi za ta yi? Ai mai rai ce."

Hannun bai koma daidai yadda yake ba, ba zan ƙara gishiri ba. Har yau carbi sai ya ɗan saci kallonsa, kuma nama da cokali yake juyawa, ko da yake in ba mai kallo yakan ɗan danna da yatsa ya janye da sauri yana tsaki, fuskarsa cike da jin daɗi. Ni kuwa daga wannan shekarar na daina ganin ciwo a matsayin abokin gaba. Mun yi wata da watanni muna yi wa mutum kirari saboda ba ya jin zafi, alhali hannunsa ƙonewa yake yi, kuma hannun da bai ji wutar garwashi ba shi ne bai ji zazzaɓin 'yarsa ba. Shi ya sa yanzu in na ji ana yabon wani ana cewa ai shi komai ba ya damunsa, ba na saurin cewa ma sha Allah. Nakan fara tambaya ko an duba shi, domin a gidanmu mun ga ranar da mutum ya ce wayyo, kuma ita ce ranar da muka san ya warke.